Na ga masu hawan iska a bakin tekun Ikko

 Bana cikin watan Afirilu na yi tahiya zuwa Ikko, wadda ake ce ma Legas, can kudancin Najeriya bakin teku. Na gano wani abu can, shi nike so in ba ku labari.

Ba yawon buɗa ido ya kai ni ba. Autanmu ne ya tahi cin rani, damana ukku ke nan bai komo ba. Shina aiko kuɗɗi, shina kiran salula ranar Juma'a, ba mu ce ya yada mu ba. Amma kuɗɗi ba su riƙon hauya. Tsohonmu ƙarhi ya ƙare, ni kuwa ga gonata ga aikin santir. Sai inna ta kira ni ta ce: "Tahi ka gano mini abin da ya riƙe yaron ga. In mace ce mu sani, in bashi ne mu sani."

Na tashi daga ƙauyenmu, kusa da tabkin Madarumfa. Na bi ta Ɗan Isa da Jibiya na shiga Katsina. Daga nan sai babbar mota, hiye da kilometir 1000, kwana da wuni bisa hanya. A Jebba munka ƙetare gulbin Isa bisa gada. Gulbin nan ne da ya ratsa Yamai da Gaya, mutanen can Kwara suke ce mishi. Munka wuce Ilori da Badun. Na baro gida ƙasa ta yi jawur, dabbobi na lasar ƙasa, amma can ruwa ya riga ya sauka, masara har ta yi gwiwa.

Na sauka zangon Agege wajen mutanenmu. Nan autanmu ya zo ya ɗauke ni. Ya yi jiki, hannunshi ya yi kanta. Na ce mishi: "Wane aiki kake yi haka?" Ya yi dariya ya ce: "Yaya, bari sai Asabar, ka gani da idonka."

Ran Asabar da sahe munka shiga mota. Munka hau wata gada wadda ba ta ƙarewa, tsawonta kusan kilometir 12, an gama ta cikin 1990. Ruwa dama, ruwa hagu. Can ƙasa na hangi manyan jirage na katako, kowane da wani abu tsaye bisanshi kamar an shanya zane. Autanmu ya ce buhunan shinkafa ne anka ɗinke, anka ɗaura ga gora. Masu jiragen nan masunta ne da masu haƙar yashi. Suna nutsawa ƙarƙashin ruwa da bokiti su cika jirgi da yashi, sannan su tada buhu, iska ta tura su gida. Ba inji, ba mai. Mu a tabkinmu da gora ake tura jirgi, ban taɓa ganin wanda ya sa iska aiki ba. Ya ce: "To Yaya, aikina ɗan uwan wanga ne, sai dai nawa na masu kuɗɗi ne."

Wurin da munka je

Wurin shina cikin tsibirin Ikko, bayan dandalin Tafawa Balewa. Dandalin nan da hilin sukuwa ne, nan anka yi bikin ƴancin Najeriya ran 1 ga Oktoba 1960, wata biyu bayan namu. Ka wuce shi kaɗan sai bakin ruwa. Nan ƙungiyar take, sunanta Lagos Yacht Club, wato ƙungiyar masu jiragen wasa ta Ikko. Turawan Ingila masu aiki garin sunka kafa ta cikin 1932. Yanzu akwai ƴan ƙasa cikinta, akwai baƙi na ƙasashe dabam-dabam, maza da mata.

Maigidan autanmu shina cikinsu. Bayarabe ne, amma Kano anka haihe shi, shina jin Hausa sarai. Da farko gadi autanmu ke yi mishi a gida. Wata rana ya rasa mai kama mishi jirgi, ya tahi da shi, daga ran nan bai koma bakin ƙofa ba. Shi ya shigar da ni a matsayin baƙonshi. Ya ce: "Malam, sannu da hanya. Zamna ka sha kallo."

Abin da na fara gani ya ba ni mamaki: jiragen duka bisa tudu suke. An jera su cikin hili kamar garken shanu, kowane bisa ƴar amalanke mai taya, an ruhe shi da tanti. Ba a barinsu kwana cikin ruwa. In za a hita, mutum huɗu ko biyar su tura amalanke bisa wata gangara ta siminti har jirgi shi yi iyo. In an komo a ja shi sama.

Jiragen ƙanana ne, kuma iri-iri. Na maigidan ana ce mishi Lightning, ma'anarshi walƙiya. Amurka anka fara yin irinshi cikin 1938. Tsawonshi kusan metir 6, nauyinshi kilo 318, wato buhun hatsi ukku da ɗoriya. Mutum ukku ke shiga. Tsakiyarshi an kafa doguwar sandar ƙarhe ta kusan metir 8, ga ita ake ɗaura zane. Akwai wani iri, Hobie, kamar an ɗauki siraran jirage biyu an haɗa su da gadon tanti a tsakiya. Shi ya hi duka gudu. Akwai kuma ƙarami na mutum guda, Laser, mutum biyu suna iya ɗaga shi. Da irinshi ake tsere a wasannin duniya na Olamfik tun 1996.

Jikin bango akwai babban allo. Nan ake liƙa labarin ƙungiya: ranar tsere, wa ya ci satin da ya wuce, ranar taro, wa ke neman abokin tuƙi. Shugabansu zaɓenshi suke yi, suna ce mishi kwamado, shina da kwamiti. Kowa na biyan kuɗɗin shekara. Na ce cikin raina, ashe dai irin tsarin ƙungiyarmu ta manoma ne, aljihu ne ya bambanta.

Akwai wata takarda cike da lambobi, na ga kowa sai ya tsaya gabanta. Autanmu ya sa yatsa ya karanta mini. Takardar cikar ruwa ce. Ku sani ruwan teku ba tsaye shike ba. Cikin kwana guda shina cika sau biyu, shina janyewa sau biyu. Wata ne ke janshi. Kullum lokacin cikar na ƙara jinkiri da wajen minti 50. Ran da wata ya yi sha huɗu, da lokacin da ya ɓace, cikar ta hi yawa. In ruwa na janyewa, shina gudu zuwa teku kamar gulbin Maraɗi ran da ya kawo. Wanda bai duba takarda ba, shina iya wuni wuri guda, iska na tura shi gaba, ruwa na maida shi baya.

Yadda jirgi ke tahiya gaban iska

Wajen ƙarhe 2 anka fara tura jirage. Autanmu ya sa rigar iyo, wata riga ce mai kumburi wadda ba ta barin mutum shi nutse. Ban ga wanda ya shiga ruwa ba ita ba, har waɗanda sunka iya iyo kamar kihi. Ya shiga jirgi da maigidanshi da wata mata, sunka tahi.

Ni anka bar ni da wani dattijo ɗan Yawuri, basarke, wanda ya daɗe shina gyaran jirage bakin ruwan nan. Na ce mishi: "Baba, abu guda ya ɗaure mini kai. Iska ta tura su can, na yarda. To in za su komo fa? Sai su jira ta juya?"

Ya ce: "Ɗana, ka taɓa matsa ɗiyan guna tsakanin yatsu biyu?"

Na ce na taɓa.

Ya ce: "Ina take zuwa?"

Na ce gaba take tsalle.

Ya ce to shi ke nan. Ƙarƙashin jirgin nan akwai wani faranti na ƙarhe, kusan kilo 60, ana sauke shi cikin ruwa ta wata tsaga. Iska ta danni zane daga wanga gehe, ruwa shi tare faranti daga wancan gehe. Jirgi ya rasa inda za shi, sai shi sulluɓe gaba kamar ɗiyan guna. In an ɗage farantin, jirgi sai shi riƙa tahiya a kaikaice kamar kaguwa.

Amma ba shi iya tunkarar iska ido da ido. A ce iska daga gabas take zuwa, kai kuma gabas za ka. Sai ka nuhi arewa maso gabas, ka yi tahiya, ka juya ka nuhi kudu maso gabas, ka sake juyawa. Kun ga yadda jaki mai kaya ke hawan tudun rairayi, ba shi miƙewa sak. Haka nan ne. Tahiyar kilometir 10 sai ta zama wajen 14, amma za ka kai. Masu buhun shinkafa da na gani bisa gada ba su da farantin ga, don haka su sai inda iska ta yarda.

Baya ga jirgi akwai wani katako cikin ruwa, da sanda ga hannun matuƙi. Shi ne linzami. Abin dariya, in kana son zuwa dama, hagu za ka tura sanda.

Tsere

Hanyar tsere ba a shata ta da ƙasa ba, tunda ruwa ba shi riƙon sawu. Wasu manyan tuluna ne masu iyo, an ɗaure su da nauyi a ƙasa, su ake kewayawa. Wajen tashi ma jirgi ba shi tsayawa cik kamar doki. Suna ta kai da komo bayan layi, kowa na kallon agogo. Saura minti 5 anka busa ƙaho anka ɗaga tuta. Saura minti 4 anka sake. Saura minti 1 anka sake. Da ƙaho na huɗu sai ga su sun hito tare, zane fari fat, jirage sun karkata. Wanda ya ƙetare layi kamin lokaci, dole shi koma baya shi sake.

Na nemi autanmu na gane shi. Ya maƙale ƙafa ga wani ɗamara cikin jirgi, ya jefa jikinshi duka waje bisa ruwa, don nauyinshi shi hana jirgi kihewa. Igiya ga hannu, shina ja shina saki. Da sunka juya sai ya tsallaka wancan gehe kamar kyanwa. Yaron da inna ke hana ma zuwa bakin tabki! Gabana ya faɗi, amma ba ni ɓoye muku, na ji daɗi.

Can sai jirage biyu sunka nuho juna. Na tashi tsaye na ce za su yi karo. Dattijo ya ce in zamna. Akwai doka: wanda iska ke bugu daga hagunshi, shi ke ba da hanya ga wanda take bugu daga damanshi. Ba a duban wa ya hi kuɗɗi, ba a duban wa ya girmi wani. Haka kuwa anka yi, guda ya kauce ta bayan guda.

Bayan nan na ga wani jirgi shi kaɗai shina juyi wuri guda kamar ya yi makuwa. Na ce: "Baba, wancan lahiya?" Ya ce tara shike biya. Ya taɓa ɗan uwanshi, laihinshi ne, sai shi kewaya kanshi sau biyu, sauran su wuce shi. Wanda ya taɓa tulu, sau guda. Na ce wa ya sa shi? Ya ce ba kowa, shi ya sani. Alƙali ba shi bin kowane jirgi. In mutum ya yi laihi ya ƙi juyi, wanda anka cuta shi yi mishi magana nan take, in an komo tudu a zamna shari'a. Na tuna rigimar burtali da muke yi kowace kaka, inda kowa ke rantsuwa ba shanunshi ba ne. Na yi shiru.

Dokarsu ta farko cikin littahi kuwa ita ce: in ka ga wani cikin haɗari, ka bar tsere ka taimake shi. Kuma akwai jirgi mai inji da ke biye da su don ceto. Gabana wata mata mai ƙaramin jirgi ta kihe. Na yi salati. Sai na ga ta kewayo, ta kama allon da ke ƙarƙashin jirgi, ta hau bisanshi ta danna da nauyinta. Jirgi ya tashi tsaye, zane na zubar da ruwa. Ta haye ta ci gaba. Masu ceto sun matso kusa, amma ba su taɓa ta ba. Dattijo ko kai bai ɗaga ba. Ya ce farkon abin da ake koya ma yaro ke nan, a kihe shi da gangan, shi tada jirgi da kanshi.

Ruwan nan ba nasu ne su kaɗai ba. Hanyar manyan jirage ce masu zuwa tashar Apapa, wadda ake hangowa ƙetare. Guda ya wuce muna zamne, ya hi masallacin Juma'a tsawo, an jibga mishi akwatunan ƙarhe. Da ya yi kuka sai ƙananan sunka watse gehe kamar ƴan tsaki. Shi ba shi iya tsayawa da sauri, ba shi iya kaucewa, don haka ba a gardamar doka da shi.

Jirginsu autanmu na huɗu ya zo. Da sunka hito, aikinshi na gaske ya fara. Anka ja jirgi tudu, ya ɗauki tiyo ya wanke shi tas, da zane, da igiyoyi, da kowane ƙarhe. Ruwan teku litir guda na ɗauke da gishiri wajen garam 35, shina cin ƙarhe kamar gara da itace. Na tsaya ina kallon ruwa mai kyau na malala ƙasa. Na tuna matanmu da guga cikin watan Afirilu. Abin ya tsaya mini a rai. Na sani dole ne a wanke, amma ya tsaya mini.

Da marece kowa ya taru bisa baranda. Yara na guje-guje, ana cin abinci. Anka karanta sakamako, ana taɓi, har na ƙarshe an taɓa mishi. Can gehe na ga mutum biyu zamne gaban mutum ukku, da ƴan jirage na katako kamar na wasan yara bisa tebur. Kowa na turawa shina nuna inda shike da inda iska take. Shari'ar ke nan. Anka yanke, wanda ya faɗi ya ɓata rai kaɗan, daga baya na gan su tebur guda.

In kun tambaye ni, wasan masu hali ne. Talaka ba shi sayen jirgi don nishaɗi. Masu yashi na tada zane don su ci, waɗanga kuwa sun ci sun ƙoshi sannan sunka tada nasu. Amma ba zan ce wasan banza ne ba, don na ga sani cikinshi, na ga horo.

Ran Lahadi maigidan ya ce sai na ɗanɗana. Anka sa mini rigar iyo. Munka rabu da tudu, ba ƙara, ba hayaƙi, sai ruwa na tsaki jikin katako. Ya ce: "Malam, in na ce kai, ka duƙa." Ƙarƙashin zane akwai wata sanda kwance, in jirgi ya juya sai ta sharo daga wanga gehe zuwa wancan. Ya ce kai, ni kuwa ina kallon gidajen sama. Autanmu ya danne ni. Kaina ya tsira, hulata ta sallah ta tahi. Tana can tekun Ikko.

Iskar da na gane

Cikin jirgin nan ne na ji iska bisa huskata, mai sanyi, mai laima. Na ce wanga ƙamshi na san shi. Na tambayi maigidan daga ina take zuwa. Ya nuna kudu maso yamma, wajen babban teku. Ya ce mafi yawan shekara daga nan take hurowa, ita ce dokinsu.

Ƴan uwa, iskar bazara ce. Ita ce wadda muke jira kowace shekara, mu hita da dare mu jiƙa yatsa mu ɗaga. Daga tekun nan take tasowa, ta ɗauko laima, ta yi arewa sannu sannu. Tana zubar ma Ikko da ruwa tun watan Maris ko Afirilu. Mu sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni take kawowa gare mu, wata shekara ta makara. Maigidan ya ce su ma suna samun saƙonmu. Cikin Disamba da Janairu ƙurar hunturu na saukowa har bakin teku, gari shi yi hazo, iskarsu ta yi rauni, jirage su yi ta rarrahe. Muna aika musu ƙura, suna aiko mana ruwa.

Da dare na zamna da autanmu bakin ruwa. Na ce: "Inna ta ce in tambaye ka, mace ce ko bashi?"

Ya ce: "Ba ko guda, Yaya. Gida ni mai riƙon hauya ne kamar kowa. Nan kuwa na iya wani abu. Ina duban ruwa in san iska za ta zo kamin ta zo. Maigida shina tambayata shawara."

Na ce: "Na gani. Amma baba ba shi iya duƙawa. Gonar tudu bara rabinta anka noma."

Ya daɗe bai ce komi ba. Sannan ya ce shina tsoro in ya tahi a ba wani wurinshi.

Da sahe ni na je wajen maigidan da kaina, na gaya mishi yadda gida shike. Ya saurara. Ya ce shi ma ubanshi manomin koko ne. Ya yarda autanmu shi zo gida daga shibka har maimai, wurinshi na jiranshi. Autanmu ya ce in an gama maimai za shi koma. Ban ce mishi a'a ba, ban ce i ba.

Na komo gida na riga iska zuwa. Na gaya ma inna duka. Ta ce ita ba ta gane wasan da babba zai shiga ruwa da gangan ba, amma tunda ba bashi ba ne, da sauƙi. Batun komawa ta ce a bari shi zo tukuna.

Shekaranjiya da dare iska ta juya. Jiya an yi hadari gabas, bai zuba ba. Baba ya sa an sauko da iri daga rumbu. Autanmu ya kira ya ce ya biya kuɗɗin mota ta ran Litinin, kuma shina tahe mini da hula.

Malamin yaƙi da jahilci, ƙasar Madarumfa